Tayoyin da Auta Ta Zaɓa wa Motar Baba

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta riske ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Ina fatan ciwon bayan nan da kika ambata ya yi sauƙi, Allah Ya sa kaffara ne, Ya ƙara miki lafiya mai ɗorewa. Mu nan kowa lafiya, sai godiya. Uwar yara ta warware daga zazzaɓin da ya kwantar da ita. Takwarar Inna ta fara tafiya, ba abin da ya tsira a ɗakina, har almakashina sai na rataye shi a ƙusa. Shago yana tafiya daidai gwargwado, keken ɗinki ɗaya ya tsufa yana tsallake zare, amma muna lallaɓawa. Ita kuwa Inna, wadda na san ita ce a ranki, ƙafarta ta warke sarai, tana takawa ba sanda, likita ya ce sukarinta ya daidaita.

Yaya, na zaɓi in rubuto ne maimakon in kira, domin a waya ke kina sauri, ni ina in'ina, sai mu rabu ba a fahimci juna ba. Ranar da aka kwantar da Inna a asibiti kin kira Auta kin yi mata faɗa, kin ce da an bi maganarki an dawo da Inna cikin gari tun kafin damina da ba a kai ga haka ba, kin ce ana wasa da ran tsohuwa saboda taurin kai. Na san tsoro ne ya sa, wanda yake nesa kullum ya fi shiga damuwa. Auta ba ta mayar miki da ko kalma ɗaya ba, kuma ba za ta taɓa ba ki labarin abin da ta yi ba, kin san halinta. Shi ya sa na ga ya kamata ni in ba ki, tunda a gaban idona aka yi komai.

Kin tuna abin da ya faru bara, lokacin da hanyar gonar da Inna ke zaune ta yanke maganin Inna ya ƙare. A-kori-kurar nan mai ƙofa huɗu da Baba ya bari ta kafe a gangaren nan na bayan karyayyar gada, Auta ta ɗaure maganin a leda ta ɗora a ka, ta ƙarasa da ƙafa cikin taɓo har gwiwa. Bayan nan ne kika ce a ɗauko Inna, ni ma na ga gaskiyarki, na je na same ta da maganar. Ba ta yi mini musu ba. Ta ce ita ba ta jayayya da 'ya'yanta, duk ranar da muka shirya mu zo mu ɗauke ta. Amma Goggo da ke zaune da ita ta gaya mana cewa tun daga ranar ta daina shiga lambu, ta daina kiran awakinta da sunayensu, sai ta zauna a ƙofar ɗakin Baba tana kallon itatuwan lemun da suka dasa tare. Abinci ma sai an matsa mata. Da Auta ta je ta gan ta haka, ta biyo ta shagona ta zauna a kan bencin masu jiran ɗinki. Ta ce a ganinta ba Inna ce matsalar ba, hanya ce, kuma tunda ba mu da ikon gyara hanya, sai a duba abin da za a yi wa motar. Ta roƙe ni in ba ta lokaci kafin ruwa ya sauka.

Abin da ta fara yi shi ne ya fara burge ni. Ba ta nufi kasuwar taya ba, gangaren ta koma. Lokacin rani ne, taɓon ya bushe ya bar sawun manyan motoci kamar an haƙa kwata biyu, da tudu a tsakiyarsu. Ta ari tef ɗina na awo, ta durƙusa da doguwar rigarta ta auna tsayin tudun, sannan ta kwanta a ƙarƙashin motar ta auna tazarar da ke tsakanin ƙasa da cikinta. Ta taso tana kakkaɓe jiki ta ce mini ashe bara ba santsi kaɗai ya kama ta ba, cikin motar ne ya hau tudun ya zauna, tayoyin suka koma juyawa a banza. Ta ce abu biyu take nema, taya mai haƙora da za ta kama laka, da ɗan ƙarin tsayi da zai ɗaga cikin motar. Ni da na yi shekaru ina auna kafaɗun mutane ban taɓa tunanin a auna hanya ba. Malamar makaranta ce, wadda sai bayan rasuwar Baba ta koyi tuƙi, amma ta ɗauki abin kamar jarrabawar da ba ta yarda ta faɗi ba. Mijinta ya ce mini a kwanakin nan ko shayi ta kawo masa sai ya ji labarin taya.

Da labari ya kai kunnen Kawu, sai ga shi da sassafe ya sha hula, ya ce ba za a sayi taya a dangin nan ba ya nan, shi da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan babbar mota. Muka ɗunguma mu uku zuwa wurin mai taya. Shagon dogo ne mai duhu, tayoyi jere har rufi, warin roba ya cika ko'ina, injin ba da iska yana ta tari a bakin ƙofa. Mai tayar ya gangaro mana da iri uku. Akwai mai sumul ta kan kwalta irin wadda ke jikin motar, akwai mai matsakaicin zane da ke iya kwalta da burji, sai kuma wata ƙatuwa mai haƙora kamar ta tarakta, wadda ta kusa kai mini ƙugu. Kawu yana ganinta ya dafa ta kamar ya ga tsohon aboki, ya ce an gama magana, da wannan ko kogi Auta ta ga dama ta ratsa. Mai tayar ma ya mara masa baya, ya ce duk masu shiga daji ita suke ɗauka. Ni kaina, Yaya, ta shiga raina, don na riga na hango mu a kanta muna kallon kowa daga sama.

Auta ba ta ce a'a ba. Cikin ladabi ta roƙi a ɗaura ƙatuwar a gaba guda ɗaya a gwada. Da aka ɗaura aka sauke jak, ta shiga ta murza sitiyari har ƙarshe, sai muka ji ƙurrr, tayar tana gurzar madigadi. Ta murza ɗaya gefen, haka. Ta ce wannan fa a tsaye ke nan a kan siminti, ina ga an faɗa rami da kaya a baya. Mai tayar ya ce abu mai sauƙi ne, a yanke bakin madigadin a kuma ɗaga motar. Sai ta aika aka kira bakaniken da ke duba motar tun zamanin Baba, ta jera masa tambayoyi. Ya gaya mata gaskiya cewa in aka ɗora masu nauyi haka birki zai rage kamawa, injin zai riƙa nishi a hawa, mai zai ƙaru, kuma mota in ta yi tsayi da yawa ta fi saurin kifewa a kwana. Ta saurara har ya gama. Sannan ta buɗe ƙofar gefen fasinja ta tsaya tana kallon dandamalin, ta ce akwai abin da duk ba mu ambata ba, wato gwiwar Inna. Ta ce yanzu ma sai an tallafa mata take hawa, in aka ƙara wannan tsayin sai dai a riƙa ɗaukarta kamar buhu, kuma Inna ba za ta yarda a yi mata haka a gaban mutane ba, gara ta ce ta fasa zuwa asibitin. Mu duka muna tunanin taɓo, ita tana tunanin wadda za a ɗauko.

A ƙarshe ta ɗauki masu matsakaicin zanen, waɗanda suka ɗara na da girma da mataki ɗaya kawai, masu kaurin gefe saboda duwatsu. Ta sa aka gwada su kamar yadda aka gwada ta farko, aka loda mutane a baya har da ni muna tsalle, ba inda suka taɓa. Ta ce biyar za a saya har da safaya, domin in aka yi faci a daji aka sa ƙarama a gefe ɗaya, motar za ta karkace ta wahalar da giyar taimako, wadda ke sa duk tayoyi huɗun su ja. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana karanta 'yan lambobin da ke gefensu, ta ware guda ta ce wannan ta daɗe a ajiye tun da aka ƙera ta, robar ta fara bushewa, a canza mata. Mai tayar ya yi dariya ya canza, ya ce da duk masu saye haka suke da ya huta da masu dawowa da ƙorafi.

Kawu kuwa ya ɗaure fuska, ya koma gefe yana kaɗa makullinsa. Na ɗauka za a yi wata guda ba ya gaisa da mu. Sai Auta ta je ta russuna a gabansa ta ce taya dai an saya, amma taya ba ta tuƙa kanta, kuma duk dangin nan babu wanda ya san laka kamarsa, tana roƙon ya koya mata. Yaya, da kin ga yadda fuskar tsohon nan ta washe. Da ruwan farko ya sauka, duk ranar da ba makaranta sai su tafi wani fili mai caɓi a bayan gari. Ya koya mata ta rage iskar taya kafin ta shiga laka don ta ƙara faɗi, ta sa giyar taimako tun kafin ta shiga ba sai ta kafe ba, ta riƙe totur daidai ba ƙari ba ragi, kuma in taya ta fara juyawa a banza ta ɗaga ƙafa nan take kada ta haƙa wa kanta rami. Yanzu duk inda ya zauna sai ya ce ai shi ya ba da shawarar a ɗauki matsakaitan, mu kuma ba mai gyara masa.

Ba zan ce miki tayoyin ba su da nasu halin ba. A kan kwalta suna wani gurnani, uwar yara tana jin tahowar Auta tun daga kwanar layinmu ta ɗora ruwan shayi. Motar ta ƙara shan mai. Maleji ma ya koma nuna ƙasa da ainihin gudun da ake yi, Auta ta gane haka ta riƙa ragewa da kanta. Tsohon jak ɗin Baba ya gaza ɗaga motar yadda ya kamata, ta samo katako mai kauri ta ajiye a bayan kujera tare da famfon iska da shebur. Ta kuma kai motar wurin mai walda ya yi mata ɗan matakala a gefen da Inna ke hawa.

To, ranar da abin ya faru, da hantsi Goggo ta kira ta ce ƙaya ta soki Inna a ƙafa kwanakin baya ta ɓoye, yanzu ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, jikinta ya yi zafi har tana sambatu. An kwana ana ruwa, kuma bai ɗauke ba. Auta ta bar aji ta biyo ta shago, na bar rigar wani a kan keke ban ko cire allura ba. Da muka sauka daga kwalta ta tsaya ta rage iskar tayoyin, ruwa yana dukanta. Muka ci gaba a hankali har gangaren. Yaya, wurin ya koma kamar tafki, ruwa ja yana gudu ta kan hanya, ga wata motar kaya an bar ta a gefe ta nutse har ƙofa. Na ce mata ko mu bar motar mu tafi da ƙafa. Ta ce da ƙafa za mu iya zuwa, amma da me za mu dawo da Inna. Ta cire takalmi, ta karyo reshe, ta shiga ruwan tana dogarawa tana laluben inda tudun yake da inda ramin yake, har ta haye ta dawo. Ta shiga ta yi bisimilla ta sa giya. Motar ta shiga tana rangaji, gindinta ya zame gefe, na ji cikinta ya ɗan shafi tudun ya wuce. Ni dai na rufe ido ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Ita kuwa hannunta biyu a kan sitiyari, har muka ji tayoyin gaba sun kama tsakuwa.

Dawowar ta fi wuya, don ruwan ya ƙaru. Inna tana kwance a kujerar baya, kanta a cinyar Goggo. A tsakiyar gangaren motar ta tsaya cak, tayoyin suka fara feshin laka. Auta ta ɗaga ƙafa nan da nan, ta juyo ta gaya wa Inna cikin murya mai sanyi cewa yanzu za mu wuce, kamar wadda ke jiran a buɗe mata ƙofar gida. Muka fita ni da Auta, ta kwashe lakar gaban tayoyin da shebur, na sassaro rassa muka cusa. Ta ɗan ja da baya, ta dawo gaba, ta sake ja da baya, ni ina turawa laka tana wanke mini fuska. A wani yunƙurin sai motar ta ɗaga ta fita. Takalmina ɗaya yana can har yau. Da muka hau kwalta ta tsaya ta mayar da iska da famfo, da ta gaji na karɓa na ƙarasa. A asibiti likita ya ce da an ƙara kwana da sai an yanke wa Inna yatsan ƙafa, wataƙila ma fiye da yatsa. A barandar asibitin, da laka a jikinta har wuya, wayarki ta sami Auta.

Inna ta yi jinyarta a gidan Auta. Da ta samu sauƙi na zaci Auta za ta ce ga shi tayoyi sun yi aiki, a mayar da ita gona a rufe magana. Ba haka ta yi ba. Ta zauna kusa da Inna a gabana ta ce mata ranar nan da ƙyar muka fita, kuma akwai ranar da ruwa zai fi ƙarfin kowace irin taya, ita ba za ta yi mata alkawarin abin da ba ta da iko a kai ba. Ta ce shawara ta kawo, ba umarni ba. Inna ta zauna a gonarta duk shekara, amma in damina ta yi tsakiya ta zo gari ta yi 'yan makonni, a riƙa kai ta tana duba awaki duk ranar da hanya ta yi kyau. Kuma ko ƙaya ce ta sake sokarta, a faɗa a ranar. Inna ta ce ta yarda, ta ce da tun farko haka aka tambaye ta da ba ta ba kowa wahala ba. Ni na sunkuyar da kai, don na san yadda na kai mata maganar a wancan karon.

Makon jiya muka mayar da ita, ruwa ya ja baya. Ta ƙi kujerar baya, ta ce gaba za ta zauna ta ga hanya. Tana ta kallon hannun Auta a kan sitiyari, can ta ce Allah Ya jiƙan Baba, mutumin kirki ne, amma bai taɓa ganin rami ya kauce masa ba, ita sai yau ta san ana iya bin hanyar nan ba a ciji harshe ba. Muka yi dariya har Goggo tana share hawaye. Da muka isa, Auta ta zagaya duba tayoyi kamar yadda ta saba, sai Inna ta riƙe hannuna ta ja ni gefe. Ta ce motar nan ta gado ce, da ni da ke da Auta da ita duk muna da rabo a ciki, amma ita ta bar wa Auta nata, kuma tana so in rubuto miki in ji ta bakinki. Na ce mata ni ma na bar nawa tun a gangaren nan. Auta ba ta san an yi wannan maganar ba, har yanzu in za ta ɗauki motar sai ta aiko mini cewa za ta ari motar Baba.

Saboda haka, Yaya, saura ke. Ba na matsa miki, hakkinki ne, abin da kika yanke shi za a yi. Amma ko me kika yanke game da motar, ina roƙonki abu ɗaya, ki kira ƙanwarki. Ba sai kin ba ta haƙuri ba, ba ta riƙe ki ba, kuma kin san in kika fara za ta rikice ta ce ita ce mai laifi. Ki dai tambaye ta yadda aka zaɓi tayoyin, ki bar ta ta yi miki bayani har ta gaji. Ke ce kika goye ta, kuma duk yabon da mu za mu yi mata a nan bai kai kalma ɗaya daga bakinki ba.

Inna tana gaishe ki ƙwarai, ta ce a gaya miki maganin da kika aiko ya iso kuma tana sha a kan lokaci. Goggo da Kawu suna gaisuwa, Kawu ya ce in kin zo shi zai ɗauko ki da kansa, in Auta ta ba shi makulli. Uwar yara da yaran duka suna miƙa gaisuwarsu. Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, da Mai Sunan Baba, da 'yan biyunki, ki ce musu kawunsu tela yana jiran awonsu. Allah Ya tsare ku, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙaninki mai ƙaunarki,
Tela